Gidan Makama da Masu Sanin Kayan da Ke Cikinsa

Malam Edita,

 Mai wannan wasiƙa yana roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin ya yi magana a kan Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi da ke tsakiyar birnin Kano, daura da fadar Sarki ta wajen Ƙofar Kudu. Jama'a ba sa yankewa a titin da ke gabansa, wasu a ƙafa, wasu a babur, wasu a A Daidaita Sahu, amma da yawa daga cikinsu an haife su, sun yi aure, sun aurar da 'ya'ya a unguwannin da ke kewaye da shi ba su taɓa sa ƙafa a zaurensa ba. Masu shiga sun fi yawa cikin baƙi da 'yan makarantar da malamansu suka ɗebo a mota.

Gidan ya girmi fadar da yake kallo. Bisa labarin da aka gada, a ƙarni na 15 aka gina shi domin Muhammadu Rumfa, lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama Sarkin Kano a 1463. Rumfa ya yi mulki har 1499. Shi ya gina Gidan Rumfa inda sarakunan Kano suke zaune har yau, shi ya kafa kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya sauka Kano ya rubuta masa littafi a kan yadda ake riƙon jama'a. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sun yi zaman wucin gadi a wannan gida suna gudanar da harkokinsu. Daga baya aka raba shi uku: sashe ya zama makarantar firamare, sashe ya ci gaba da zama gidan Makama, wanda yake ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki, sashe na uku kuma ya zama gidan tarihi. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da shi.

Ɗakunan nuni goma sha ɗaya ne a ciki. Akwai na ginin gargajiya, da na ganuwa da taswirorin birni, da na addinin mutanen Dala kafin Musulunci, da na zamanin jihadi da sarakunan Fulani, da na Basasa, da na zuwan Turawa. Sauran sun ƙunshi ilimin addinin Musulunci, da sana'o'i, da kayan kiɗa, da ɗakin amarya irin na da. Wanda ya bi su a natse zai taso daga Barbushe da Tsumburbura, ya biyo ta kan Bagauda da Gijimasu wanda ya fara ganuwa, ya zo kan Alwali da Sulaimanu da Ibrahim Dabo, har ya ɓullo zamanin jirgin ƙasa da dalar gyaɗa, duk kafin a kira azahar.

Ɗakin Basasa ya cancanci a daɗe a cikinsa. A 1893 Sarki Muhammadu Bello ya rasu, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, suka fita suka yi sansani a Takai ƙarƙashin Yusufu. Yusufu ya rasu kafin a shiga birni, ƙaninsa Aliyu Babba ya ja rundunar ya ci Kano, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895. 'Yan gida ɗaya ne, jikokin Dabo gaba ɗayansu, suka yi wa juna wannan ɓarna, kuma shekara takwas kawai bayan ƙarewarta sojojin Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka tsaya a bakin ganuwa. Sarki Alu, wato Aliyu Babba, yana Sakkwato a lokacin. Ta Ƙofar Kabuga aka shigo a watan Fabrairu na 1903, kuma ƙyauren tsohuwar ƙofar yana cikin abubuwan da ake nunawa a Gidan Makama. Yaron da ya karanta wannan a littafi zai haddace shekara ya ci jarrabawa. Wanda ya tsaya gaban ƙyauren nan ya ga kaurinsa zai koma gida da tambayoyi, ya tsare kakansa ko Tukurawa ne su ko Yusufawa, kuma a cikin birni akwai gidaje masu yawa da suke da amsar wannan tambaya har da sunan wanda ya faɗi a fagen daga.

Nan ne maganar mai wannan wasiƙa take. Yawancin kayan da ke Gidan Makama suna da masaninsu a raye, kuma masanin ba shi da nisa. Yana Ƙofar Mata a bakin rijiyar baba, yana majema yana fama da fata, yana Kurmi a rumfar dukawa, ko kuma tsohuwa ce a wani lungu na Yakasai da ba ta fita sai biki ko gaisuwar mutuwa. Gidan tarihin da ke zaune a tsakiyar irin waɗannan mutane ya dace ya riƙa kiransu su shigo su yi bayani da bakinsu, su nuna da hannunsu.

A ɗauki ginin kansa, wanda shi ne abin kallo mafi girma a wurin. Tubalin gargajiya da hannu ake mulmula shi, ƙasansa da faɗi, samansa da tsini, a shanya shi a rana, sannan a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Rufi kuwa azara ake sawa, wato itacen giginya da aka tsaga, domin gara ba ta cika cin sa ba. Sai dai azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta yi yawa, shi ya sa maginan Hausa suka ƙware wajen ɗaure ta daki-daki daga bango biyu har ta haɗu a sama ta zama bakan gizo, kuma da haka ake samun soro mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Yaɓen da ke hana ruwa shiga ya fi komai ban sha'awa. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samun ta. Laso kuwa sai an nemo katsi daga rijiyar marina, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, a zuba ruwan dafara. Ashe magini ba ya gama aikinsa sai ya bi ta wajen marini da majemi, kuma idan rini ya ja baya, ginin ƙasa ma ya rasa abin da zai kare shi daga damina. Wannan ilimi ne da allon bayani ba zai ɗauke shi ba. Ginin ƙasa dole ne a riƙa duba shi ana yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Me zai hana a mai da wannan aiki makaranta? A sanar da ranar, a gayyato Sarkin Magina da mutanensa, a kira ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Bayero da na kwalejin fasaha, a bar yaran unguwa su tattaka ƙasa su mulmula tubali, kowa ya ga yadda ake tayar da zanko a kusurwar soro.

Haka ɗakin kayan kiɗa. Ganga a rataye ba ta gaya wa kowa ko ta wane ce. A ƙasar Hausa kusan kowace sana'a da kiɗanta: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, gangar noma ta masu gayya, tambari da kakaki da algaita na sarauta. Tarihin sarakunan Kano ma ya danganta shigowar kakaki fada da Rumfa, mai wannan gida. Akwai fili a cikin gidan inda 'yan Koroso suke wasa, da sarewa da kacau-kacau a ƙafa, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda fuskokin yara suke sauyawa idan aka fara ya san amfanin abin. Sai a faɗaɗa shi. Wata rana a kawo makaɗin maƙera ya kaɗa take, maƙeri yana gefe yana faɗin na wane ne, da abin da ake yi idan an ji shi.

Ɗakin amarya kuwa na mata ne, su ya kamata a bar wa maganarsa. Tsofaffin da aka yi wa jere da ƙorai da faifai da tasoshi, kafin langa da kumbo su zo su kore su, kafin su ma kabet da tangaran su maye gurbinsu, sun san abin da kowane kaya yake nufi, da wanda ke sayensa tsakanin uwa da uba da gwaggo, da abin da ake cewa game da amaryar da jerenta ya kai rufi. A keɓe yini guda na mata zalla, a aika wa makarantun Islamiyya na matan aure, a shimfiɗa tabarmi. 'Yan matan da ke shirin aure yanzu za su ji abin da ba za su samu a waya ba.

Akwai abin da ke hana wasu shiga, kuma bai kamata a yi shiru a kansa ba. Wasu suna ɗauka gidan tarihi wurin ajiye gumaka ne da kayan tsafi, don haka suke ƙyamar sa. Wanda ya shiga zai ga cewa labarin Tsumburbura kashi ɗaya ne cikin dogon labari, kuma ba a gane girman aikin Wangarawa da suka zo zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14 sai an san abin da suka tarar. A cikin gidan nan akwai ɗaki sukutum na ilimin addini. Alarammomi da masu rubuta Alƙur'ani da ka suna da abin koyarwa a can: yadda ake dafa tawada, da fiƙe alƙalami, da yin zayyana a allon sauka. Idan aka gayyato tsangayu, almajirin da bai taɓa tunanin wurin ya shafe shi ba zai tarar da allo irin nasa a ajiye cikin daraja. Saboda irinsa ne ya dace kowane bayani ya kasance akwai shi da Hausa, da boko da ajami.

Lokaci ma ya ba da dama. Darasin tarihi ya yi shekaru ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi, ga shi kuwa malaman da za su koyar da shi da yawansu su ma ba a koya musu ba. Kwas na 'yan kwanaki a Gidan Makama lokacin hutu zai taimake su ƙwarai, musamman idan aka haɗa da tattaki zuwa Dutsen Dala da Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909. Sannan a ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ranar Hawan Daushe jama'a suna cika Ƙofar Kudu maƙil, 'yan taku kaɗan daga gidan. Nuni na musamman a makon Sallah kan lifidi da sulke da kwalkwali da jalala, da wani daga cikin 'yan lifida yana bayani, zai jawo mutanen da ba su taɓa waiwayar ƙofar ba.

Za a ce ina kuɗi. Gaskiya ne hukumomi irin wannan ba sa cikin waɗanda ake ware wa kaso mai tsoka, kuma ma'aikatan da ke tsaye suna yi wa baƙi bayani sun cancanci yabo. Amma abin da ake magana a kansa bai wuce tabarma da ruwan sha da kuɗin motar dattijo da ɗan abin hasafi ba. Garin da ya fitar da Alhassan Ɗantata bai rasa attajirin da zai ɗauki nauyin wata guda ba, kuma ƙungiyoyin marina da dukawa da maƙera za su so a san da su. Abin da ba ya jira shi ne shekarun dattawan. Waɗanda suka ɗora buhu a dalar gyaɗa suna raguwa, haka waɗanda suka ji labarin Basasa daga bakin wanda ya gani. Duk zaman da aka yi a ɗauke shi da waya, a rubuta sunan mai magana da unguwarsa da ranar, a ajiye kwafi a gidan, a ba gidajen rediyon Kano kwafi.

Ita ma jarida tana da nata rabon. Ranar 18 ga Mayu ce ranar gidajen tarihi ta duniya, kuma akan yi taro da jawabai a irin waɗannan wurare. Mai wannan wasiƙa yana roƙon Edita ya tura wakili kafin ranar, ya ɗauko hoton kaya guda daga Gidan Makama kowane mako, a buga shi, a nemi masu karatu da suka san kayan ko suka gaji irinsa su aiko da abin da suka sani, a kuma miƙa wa ma'aikatan gidan wasiƙun da suka zo.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku,
Cikin birnin Kano.