Gajeren umarni da Hausa, amma a bar rm yadda yake

A ɗakin kwamfuta, inji guda mai Linux kan ɗauki ƴan makaranta da dama, kowa da asusunsa. A ganina, ya kamata malami ya yi musu gajerun umarni da Hausa. Layi ɗaya ya isa: alias duba='ls -l'. In aka sa shi cikin /etc/skel/.bashrc, duk sabon asusu zai gaje shi, kuma kowane yaro na iya gyara nasa.

Inda nake saɓawa da wasu abokan aiki shi ne rm, umarnin goge fayil. Sukan mai da shi rm -i don ya riƙa tambaya kafin ya goge. Niyyar mai kyau ce, amma yaro zai saba. Ranar da ya zauna gaban wani inji, rm ba zai tambaye shi komai ba. Aikinsa ya tafi ke nan, ba ya cikin kwandon shara.

Gara a ba shi sabon suna: alias goge='rm -i'. A wani inji goge ba zai yi aiki ba, ba abin da zai ɓace. Malamai, mu koyar da sunan Hausa tare da na asali. Iyaye kuma ku tambayi yaro abin da ke ƙarƙashin goge.