SHARHI: Hamburg tsakanin neman jarin waje da riƙe ragamar tasharta

A watan Nuwamban 2024 aka kammala cinikin da ya ba kamfanin MSC na ƙasar Suwizalan, wanda ya fi kowanne girma a jigilar kwantena a duniya, kashi 49.9 cikin 100 na hannun jarin HHLA, babban kamfanin da ke loda kaya da sauke su a tashar jiragen ruwa ta Hamburg. Gwamnatin birnin ta riƙe kashi 50.1. Ƙungiyar ƙwadago ta Verdi ta yi zanga-zangar adawa, amma majalisar dokokin birnin ta amince.

Abin da ya kai birni mai arziki irin wannan ga neman abokin tarayya shi ne koma-bayan da tasharsa ke fuskanta. A shekarar 2007 kwantena kusan miliyan 9.9 suka ratsa ta. A 2023 adadin ya sauka zuwa miliyan 7.7. Rotterdam da Antwerp sun yi mata nisa, ga shi kuma cinikinta da Rasha ya durƙushe tun bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren a 2022.

Wani ɓangare na matsalar daga wurin da Allah ya ajiye birnin yake. Hamburg na bakin kogin Elbe ne, kimanin kilomita 100 daga teku, don haka manyan jirage kan jira ruwa ya cika kafin su shigo, duk da aikin yashe kogin da aka kammala a 2022. Gadar Köhlbrand, wadda aka buɗe a 1974, ita ma ta yi wa sababbin jirage ƙasa, har an yanke shawarar sake ta.

Sai dai wannan nisa daga teku shi ne kuma jarinta. Kaya na sauka ne kusa da kasuwa, kuma kusan rabin kwantenar da ke wucewa cikin ƙasa ta jirgin ƙasa suke tafiya, har zuwa Ostiriya da Jamhuriyar Cek. Birnin mai mutane kusan miliyan 1.9 bai dogara ga tashar kaɗai ba: a nan Airbus ke haɗa jiragen A320, a nan kuma hedikwatar Hapag-Lloyd da Lufthansa Technik da Beiersdorf mai man Nivea suke.

Cinikin MSC ba shi ne na farko da ya ta da ƙura ba. A Oktoban 2022 kamfanin COSCO na gwamnatin Chaina ya so mallakar kashi 35 na matsayar Tollerort, ma'aikatu da dama suka ƙi, suna tsoron tasirin Beijing. Gwamnatin Olaf Scholz, tsohon magajin garin Hamburg, ta rage rabon zuwa ƙasa da kashi 25, wanda bai ba kamfanin ikon hawa kujerar na-ƙi ba.

A cinikin biyu, hukuma ta karɓi jari amma ta ƙi sakin linzami. MSC ya yi alƙawarin kai kayan da yake saukewa a can kwantena miliyan ɗaya a shekara daga 2031. Idan ya cika, birnin ya ci riba. Idan ya gaza, an sayar da rabin gida a banza, an kuma ɓata wa sauran kamfanoni rai.

Jami'an da ke tsara yarjejeniyoyin tashoshin Najeriya, tun daga bayar da su haya a 2006 zuwa tashar Lekki da aka ƙaddamar a 2023 da jarin Chaina, na da abin lura a nan: yawan rabon da gwamnati ta riƙe, da alƙawarin da aka rubuta da adadi da wa'adi, su ne abin da za a iya tuhumar mai zuba jari da shi gobe.