Ɗan da Ya Gaji da Ƙwaya, Ina Za Mu Kai Shi? Kira Ga Wakilan Zamfara Ta Arewa



Akwai tambaya ɗaya da nike so kowane uba da kowace uwa a Ƙauran Namoda, Shinkafi, Zurmi da Birnin Magaji su amsa ma kansu. Idan yau ɗanka ya durƙusa gabanka ya ce, "Baba, na gaji da ƙwayar ga, a taimake ni in daina," ina za ka kai shi?

Talaka dai hanya uku gare shi. Ko ya roƙi 'yan sanda su ajiye masa yaron kwana biyu ya ji jiki, ko ya nemi gidan mari, ko ya garƙame shi a ɗaki ana miƙa masa tuwo ta taga. Hanya ta huɗu ta mai hali ce: asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, wanda shi ne mafi kusa da mu, ko na Barnawa a Kaduna. Wanda ya san halin da hanyar Shinkafi zuwa Isa ke ciki, ko ta Zurmi zuwa Ƙaura, ya san ɗaukar matashin da ba ya cikin hayyacinsa a bi da shi wannan tafiya ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuɗin mota, ga na gado da magani, ga na mai jinya. Shi ya sa da yawa ke haƙura su zuba ma sarautar Allah ido.

Ra'ayina a taƙaice: Zamfara ta Arewa na buƙatar cibiyarta ta kwantar da masu shaye-shaye, wadda likita zai riƙe, kuma ya kamata mu matasa mu sa ta cikin sharuɗɗan da za mu gindaya ma duk mai neman ƙuri'armu.

Bari mu fara da girman matsalar. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda anka fitar a farkon 2019, an gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 ƙwayoyi irin su tiramol, miliyan 2.4 maganin tari mai kodin. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kaɗai, kusan mutum miliyan 3. Cikin kowane masu sha huɗu, ɗaya mace ce. Kuma cikin kowane biyar, ɗaya abin ya riga ya zame masa cuta, ba zai iya bari da ƙashin kansa ba. Abin da ya fi taɓa ni a rahoton shi ne, kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda shansu ya fi haɗari sun ce suna son magani amma ba su samu ba. Wato sun miƙo hannu, babu mai kamawa.

Wancan lissafi na shekarun baya ne. Tun daga lokacin, mu nan mun ga ƙauyukan da anka tasa, gonakin da anka bari, da kasuwannin da anka rufe a 2021 lokacin da anka katse layukan waya. Matashin da ya taso da fartanya a hannu yau yana zaune bakin tasha a Ƙaura, ba gona, ba jari, ga abin da idonsa ya gani a ƙauyensu yana hana shi barci. Wani kuma ƙarfin aiki ya kai shi: ya haɗiyi tiramol don ya yi ƙwadago tun safe har la'asar bai ji gajiya ba. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa mai lamba 50 ne ko 100, amma wanda ke yawo a aljihun yaranmu 200 ne, 225, har 250. Ga ezol, ga roci, ga sholisho, ga allurar fenta. Tun da Shari'a ta fara aiki a jiharmu a shekarar 2000 an rufe gidajen giya, alhamdu lillahi. Sai dai kwalba tana ƙara, tana wari. Ƙwaya kuwa a cikin hula ma ana ɓoye ta.

Za a ce ai hukuma na aiki. Gaskiya ne. Hukumar NDLEA, wadda anka kafa tun 1989, ta ƙara ƙaimi tun zuwan Buba Marwa a 2021, kuma sau da dama tana sanar da kama ƙwayoyin da ake shirin kai ma 'yan bindiga a daji. Hisbah ma na nata ƙoƙari. Dillali a kama shi, a hukunta shi, ba ni da ja a nan. Amma mu tuna abin da ya faru a watan Mayun 2018. Bayan rahoton BBC kan kodin, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. An toshe ƙofa ɗaya, mashayan ba su warke ba, sai sunka koma wasu ƙwayoyin, wanda ya rage a ɓoye kuma kuɗinsa ya ninka. Tsugune ba ta ƙare ba. Muddin jikin yaro na kiran abin nan, mai sayarwa ba zai rasa ciniki ba, ko an kama goma wasu goma za su fito.

To gidan mari fa? Ban zargi iyayen da ke kai 'ya'yansu can ba, rashin wurin zuwa ne. Amma ƙasar ga ta ga abin da ke bayan waɗannan katangu. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a gadon baya. A watan Oktoba anka sake buɗe irinsa a Daura da cikin Katsina. An rufe gidajen, an yi ta Allah wadai, kowa ya watse. Tambayar da ba a amsa ba ita ce: bayan an rufe, mi anka gina a madadinsu? Uban da ya rasa yadda zai yi da ɗansa a 2019 har yau bai samu amsa ba.

Kuma mari ba ya magani, domin shaye-shaye in ya yi nisa yana canza yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Wanda jikinsa ya saba da tiramol, in anka yanke masa lokaci guda, zai kama ciwon gaɓɓai, zufa, zawo, amai da rashin barci na kwanaki. Wanda ya saba da giya ko ƙwayoyin sa barci irin su roci, yanke masa kai tsaye na iya jawo jijjiga, har a rasa rai. Yaye ne, kuma yaye da dabara ake yin sa. Sarƙa tana riƙe ƙafa ne kawai. Ran da anka kwance ta, ƙafar ta san hanyar da za ta bi.

Ga abin da nike nufi da cibiyar jinya, don kada a ɗauka wani kurkuku ne da sabon fenti.

Na ɗaya, kwanakin farko ana yaye jikin mutum ƙarƙashin kulawar likita da ma'aikatan jinya, da magungunan da ke rage masa azaba, a kuma duba ko akwai wata cuta tare, kamar ciwon damuwa, ciwon hanta ko taɓin hankali.

Na biyu, zaman gyara. Masana a Amurka da sunka daɗe suna bin lamarin sun nuna jinyar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne. A wata ukun nan ake zama da mutum, shi kaɗai da kuma cikin 'yan uwansa, a gano abin da ya tura shi, a koya masa yadda zai yi ran da sha'awar ta taso. Nan ne malamanmu ke da babban gurbi: salla cikin jam'i, karatu, nasiha. Likita na nasa, malam na nasa, babu mai ture wani.

Na uku, sana'a. Wanda ya fito hannu rabbana, majalisar da ya baro tana nan tana jiransa.

Na huɗu, bibiya bayan sallama, tare da iyaye. Kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinyar shaye-shaye kan sake komawa, kwatankwacin yadda mai hawan jini ko asma ke sake kwantawa. Ba mu taɓa cewa a rufe asibiti don mai hawan jini ya dawo ba.

Na biyar, ɓangaren mata daban, da ma'aikata mata, da rufin asiri. A matsayina na shugaban matasa, iyaye mata kan same ni da maganar 'ya'yansu maza a fili. Maganar 'ya mace kuwa sai an ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, don tsoron kada a ji ta rasa mijin aure. Irin waɗannan suna cikin ɗaka suna ƙonewa, ba mai lissafa su.

Mi ya sa Ƙauran Namoda? Domin nan hanyoyin Shinkafi, Zurmi da Birnin Magaji ke haɗuwa kafin a wuce Gusau. Akwai babban asibiti da za a iya jingina cibiyar da shi. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda ke da wuraren koyon aikin hannu da malaman da za su iya koyar da gyaran lantarki, walda, gini da kwamfuta. Ana iya ƙulla yarjejeniya da Kware ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, likitan ƙwaƙwalwa ya riƙa zuwa a kai a kai, ya horar da ma'aikatanmu. A asibitocin Shinkafi da Zurmi kuma a ware rana ɗaya a mako ta ganin waɗanda anka sallama, don kada mutum ya sake bin doguwar hanya saboda maganin wata guda. Doka ma tana bayanmu: a Janairun 2023 anka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Wani zai ce, "Ana kashe mu, kai kana maganar 'yan ƙwaya?" Ɗan uwa, maganar guda ce. Yaron da zai sayar da asirin garinsu saboda kuɗin kati ɗaya na ƙwaya, da wanda zai ɗauki saƙo ya kai daji, daga cikinmu suke fitowa. Duk wanda anka warkar, an rage ma daji ɗan aike ɗaya.

Wani zai ce, "Su sunka jawo ma kansu." Ko da haka ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ita kanta giya ba rana ɗaya anka haramta ta ba, mataki-mataki hukuncin ya sauka. Kuma ya tabbata cewa an sha kawo wani mutum gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya shaide shi da son Allah da ManzonSa. An yi masa hukunci, ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba.

Wani kuma zai ce babu kuɗi. Muna da sanata ɗaya, 'yan majalisar tarayya biyu, na Ƙaura da Birnin Magaji da na Shinkafi da Zurmi, ga 'yan majalisar jiha, ga shugabannin ƙananan hukumomi huɗu waɗanda Kotun Ƙoli ta ce a watan Yulin 2024 a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Ga Hukumar Raya Arewa maso Yamma da anka kafa a shekarar. Ga Hukumar Zakka da Waƙafi da za ta iya ɗaukar nauyin marasa hali. Kowace shekara ana rabon babura da kekunan ɗinki da sunan aikin mazaɓa, wasu kafin mako ya zagayo an sayar da su. In waɗannan sunka haɗa hannu shekara ɗaya tak, a fara ko da gado talatin ne, wallahi ba abin da zai gagara.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta shafi gidanmu na siyasa. Ba sirri ba ne cewa a ƙasar ga akwai masu neman mulki da ke tuna yaran nan lokacin kamfe kaɗai. A cika masu aljihu da abin da zai gusar da hankalinsu, a sa su gaban mota suna ihu da gora. Zaɓe na wucewa a canza lambar waya, sai a koma kiransu 'yan iska. Su kuwa 'ya'yan masu gidan suna jami'a, in ma ɗaya ya faɗa harkar, asibitin kuɗi ake kai shi a Abuja ba wanda ya ji. Wannan bai keɓanta ga jam'iyya ɗaya ba, kuma duk wanda ya yi, namu ne ko na wasu, ya ci amanar iyayen yaran.

Don haka ga shawarata ga shugabannin matasa na mazaɓu, namu da na sauran jam'iyyu. Kafin 2027, duk ɗan takarar da ya kira mu taro, mu aje masa buƙata biyu a rubuce. Ta farko, ya sa hannu cewa ba za a raba ƙwaya a tawagarsa ba. Ta biyu, ya faɗa mana a bainar jama'a nawa zai sa a cibiyar jinya ta Zamfara ta Arewa, kuma a kasafin wace shekara. Wanda ya amsa mu rubuta mu aje, mu riƙa tuna masa. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye, mun gane matsayinmu a wurinsa. Ina kuma roƙon iyayenmu sarakunan Ƙaura, Shinkafi, Zurmi da Birnin Magaji da limaman Juma'a su sa baki, domin maganarsu ta fi tamu nauyi.

A tura wanga rubutu ga wakilinku, a kuma faɗi ra'ayi cikin ladabi, ban da zagi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Najeriya baki ɗaya. Amin.