Lisans ɗin shari'a da bashin da ba a rubuta a takarda ba

'Yan uwa matasa, duk shekara da zarar sakamakon bak ya fito sai ka ji gidaje sun ɗauka: "Yaronmu shari'a za ya karanta, lauya za ya zama." Ni ɗan Gidimuni ne, kuma na gaji da ganin ana barin iyayenmu cikin duhu. Lisans ta shekara 3 ba ta mai da kowa lauya, ba ta mai da kowa alƙali. Masu shirya karatun sun san haka sarai. Me ya hana su faɗa tun ranar rajista?

Ga yadda abin yake. Dokar da ƙungiyar UEMOA ta kafa a 2014 ta ce mai son zama lauya sai ya riƙe mastar ta biyu a fannin shari'a, ya ci jarrabawar shiga aikin, sannan ya yi shekara 3 yana koyo a ofishin wani lauya. Ku lissafa da kanku: 5 a jami'a, 3 a koyo, shekara 8 ke nan in ba a maimaita aji ba, in yajin aiki bai cinye shekara ba. Kuma mafi yawan ofisoshin lauyoyin a Yamai suke. Alƙalanci kuwa sai ta kwankur ɗin makarantar horon ma'aikatan shari'a, shi ma takardar da ta wuce lisans ake nema, kujerun kuma ba su taka kara sun karya ba.

To wanda ya tsaya a lisans fa, saboda kuɗin gida sun ƙare? Sarbis sibik na shekara 2, in ya samu. Daga nan koyarwa ta kwantiragi, ko ƙungiyar agaji ta ɗauke shi wata 6 ta sallame shi, ko kabu-kabu, ko zaman fada da butar shayi. Ban raina ko ɗaya ba, wallahi. Amma ba don wannan aka kai gona jingina ba.

Za a ce mini ai a Nijar ba mu da bashin karatu, na Amurka ne, inda ɗalibai ke ɗauke da sama da dala tiriliyan 1.6. A nan jami'ar gwamnati kusan kyauta ce, ga bursu. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa tura yaro Tawa ko Yamai ba. Ɗan Gidimuni mai son shari'a can za shi, don can tsangayoyin suke, Yamai kuwa kusan kilomita 1000 ce daga ƙofar gidansu. Kuɗin mota, hayar ɗaki in bai samu wuri a gidan ɗalibai ba, abinci, fotokopin darussa. Bursu ba kowa ke samu ba, masu samu kuma sau nawa ƙungiyar USN ta fito titi saboda watannin da ba a biya ba? Cikin waɗannan watannin wa ke ciyar da yaron?

Lambu ke ciyar da shi. Uba ya sayar da rakensa tun yana tsaye, a kan kuɗin da ɗan kasuwa ya ga dama. Ya ba da dabinon bana tun bai nuna ba. Uwa ta kwashi adashi, ta saki tunkiyarta. In abin ya yi tsanani a kai wani yanki na fadama jingina, mai kuɗi ya yi ta ci har ranar da aka fanshe, in an fanshe. Bashin Ba'amurke aƙalla yana da takarda da lamba, ana iya muhawara a kansa a majalisa. Namu yana wuyan tsoho, babu ofishin da ya san adadinsa. Kuma akwai wanda ya fi ciwo: ƙanwar da aka ce ta haƙura da kwaleji tukuna sai yaya ya gama.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne aikin yana nan jibge. Ku je ku ji rigingimun gado da na iyakar lambu a garuruwanmu, da na manoma da makiyaya kowace kaka. Tun 1993 aka kafa dokar karkara mai kwamitocin filaye har matakin ƙauye. A 2011 aka kafa hukumar ANAJJ don talaka ya samu mai taimaka masa a gaban shari'a. Manomin da ya ba da gonarsa jingina da baki, ba shaida a rubuce, yana bukatar wanda ya san doka ya zauna da shi rabin awa. Mai wannan sanin yana fada yana jiran kwankur. Wace irin ƙasa ce ke horar da mutum sannan ta rasa hanyar haɗa shi da maƙwabcinsa mai bukatarsa?

Ban ce kowa ya guji shari'a ba. Cewa na yi a daina sayar mana da doki cikin ruwa. Gwamnatin Amurka tun 2019 take wallafa, fanni-fanni, makaranta-makaranta, abin da masu digiri ke samu da bashin da ke kansu. Mu ma ma'aikatar ilimi mai zurfi ta fito da nata: cikin waɗanda suka gama lisans ɗin shari'a a Tawa da Yamai, nawa suka kai mastar, nawa ke aiki, nawa ke samun abin da ya wuce mafi ƙarancin albashi na jika 42? Makarantun kuɗi masu liƙa hoton rigar lauya a allunan talla, a tilasta musu su ma. Kowace komin ta ware kujerar mai ba da shawara kan doka, da albashi, ta fara da kwamitin filaye.

Kafin su amsa, ku da ke da ƙanne a ajin ƙarshe na lise, ku zaunar da Baba kafin a cike takardar zaɓen fanni, ku lissafa masa shekara 8 ɗin nan da Hausa, da kuɗin kowace shekara.