Kujerar depite da ta magajin gari: hannun wa ke riƙe da su?

Tun bayan taron ƙasa na 1991, kundin zaɓen Nijar ya sha faci kamar rigar almajiri. An rubuta shi a 1992, an sake shi a 1996 da 1999 da 2010 da 2017, aka kuma taɓa shi a 2019. Kowane karo gardamar manyan Yamai ba ta wuce abu biyu: wa zai zauna cikin hukumar zaɓe ta CENI, kuma wa ya cancanci neman kujerar shugaban ƙasa. Shi kuwa zaɓen depite da na kansila, waɗanda su ne kusa da rumfar ɗan kasuwa da teburin ma'aikaci, a kan bar su yadda aka same su. A watan Maris na 2025 hukumomin soja sun rushe jam'iyyun siyasa, suka kuma ɗebi shekara 5 na riƙon ƙwarya. Ke nan duk ranar da aka koma ga akwatin ƙuri'a, da sabuwar doka za a koma. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yanzu ne lokacin faɗin abin da ya ruɓe a tsohuwar.

A majalisar dokoki mai kujera 171 da aka zaɓa a 2016, kujera 158 an raba su ne bisa jahohi takwas, kowace jaha mazaɓa guda, kowace jam'iyya da jerin sunayenta, kuma ta samu kujeru gwargwadon ƙuri'unta. Jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa kowace na da depite wajen talatin. Mai zaɓe a Dakoro ko Magarya ko Madawa yana dangwala wa tambarin jam'iyya ne, ba shi da ikon ɗaga sunan wanda ya yarda da shi ko sauke na wanda ya sani da cin amana. To wa ya jera sunayen? Shugaban jam'iyya da ƴan fadarsa, cikin falo a Yamai. Wanda aka sa a kan gaba ya ci zaɓe tun kafin a buga takardun ƙuri'a. Kuma tsarin mulkin 2010 ya ƙara ɗaure shi: depiten da ya fita daga jam'iyyarsa ya bar kujerarsa.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Depiten da ya samu kujera daga hannun shugaban jam'iyya, gaban shugaban zai durƙusa. Idan hanyar da ke kai gero kasuwa ta yanke da damina, ko malamin makaranta ya yi wata da watanni yana jiran albashi, ƙofar wa za a buga cikin mutum talatin? Kowannensu wakilin jaha ce baki ɗaya, ma'ana babu wanda za a kama da laifin gari guda.

Masu kare wannan tsari suna cewa shi ne ya ba ƙananan jam'iyyu wurin zama, kuma in aka ce kowace mazaɓa mutum ɗaya, zaɓe zai koma faɗan dangi da na gidajen sarauta. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Tun 2011 ƙasar na da gundumomi 63. A mai da gunduma mazaɓa, a haɗa ƙanana biyu inda jama'a ba ta da yawa, a ci gaba da rabon kujeru gwargwadon ƙuri'a, sannan a ba mai zaɓe damar nuna sunan da ya fi so cikin jerin. Kujeru 8 da aka keɓe wa ƙananan ƙabilu su zauna yadda suke, haka ma kason mata da dokar 2019 ta kai kashi 25 cikin ɗari. Da haka mutumin Tasawa zai san depitensa da suna da gida.

Akwai kuma sharaɗin takardar makaranta. Tsarin mulkin 2010 ya wajabta kashi 75 cikin ɗari na ƴan takarar kowane jeri su mallaki BEPC. A zaɓen 2011 majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya ta yi watsi da jeri masu yawa a kan matsalar takardu, har wasu jam'iyyu suka wayi gari ba su da ɗan takara a jaha sukutum. Alhajin da ya sauke Alƙur'ani, yake riƙe da lissafin manyan motoci, yake ciyar da gidaje hamsin, doka ta tura shi cikin ɗan ragowar kaso kamar wanda ake yi wa alfarma. Majalisa na bukatar masu iya karanta kasafin kuɗi, babu musu. Amma kuskuren takardar mutum guda bai kamata ya hana dubban jama'a zaɓen jam'iyyarsu ba: a ba da wa'adin sauya sunan, jerin ya tsaya.

Labarin ƙananan hukumomi ya fi wannan ban takaici. Zaɓen 7 ga Fabrairun 1999 ya ƙare cikin rikici, Kotun Ƙoli ta soke sakamakon wurare da dama, majalisun ba su taɓa zama ba. Sai a watan Yulin 2004 aka zaɓi kansilolin ƙananan hukumomi 265. Na Disamban 2009, wanda ƴan adawa suka ƙaurace wa, juyin mulkin Fabrairun 2010 ya share shi. Waɗanda aka zaɓa a Janairun 2011 wa'adin shekara 5 aka ba su, amma aka yi ta ɗage zaɓe ana ƙara masu kwana har Disamban 2020, kusan shekara 10 ke nan. A 2017 gwamnati ta rushe majalisar birnin Yamai ta naɗa nata mutum. A Afrilun 2024 sojoji suka rushe majalisun duka, suka maye gurbinsu da naɗaɗɗu. Farar hula da masu kaki, kowa ya ɗauki ƙaramar hukuma tamkar gonar gado.

Ɗan kasuwa kuwa bai taɓa samun ɗagin harajin kasuwa ba don an ɗage zaɓe. Yana biyan kuɗin rumfa da na tasha, kwata na cushe, shara na tuli, kuma magajin garin da ya san takardar majalisar ministoci ta isa ta sauke shi, minista zai yi wa biyayya kafin mai biyan haraji. Sakataren ƙaramar hukuma da mai karɓar kuɗinta su ma ba su san wa za su yi wa aiki gobe ba.

Sabuwar doka ta rufe waɗannan ƙofofi. Ranar zaɓen ƙananan hukumomi ta shiga tsarin mulki, yadda rinjayen majalisa kaɗai ba zai iya ɗage ta ba. Sauke magajin gari ko rushe majalisarsa ya zama hukuncin alƙali bayan an saurari wanda ake tuhuma, kuma duk inda aka rushe a sake zaɓe cikin ƴan watanni ƙayyadaddu. Ita ma hukumar zaɓe a hana kowa taɓa ta da zarar an kira masu zaɓe, domin ba a manta da Yulin 1996 ba, lokacin da Janar Ibrahim Bare Mainasara ya rushe CENI ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'u.

Masu cewa zaɓe ne ya ɓata ƙasa su sake duba wannan tarihi. Abin da talakan Nijar ya gani cikin shekaru 30 zaɓe ne da aka riƙe wa linzami daga sama, a saki in an ga dama, a ja in an ga dama. Duk wanda aka ɗora wa rubuta sabon kundi, da tambaya guda za a auna aikinsa: idan depite ko magajin gari ya ci amana, wa ke da ikon sauke shi, mai ƙuri'a ko mai ofis a Yamai?