Kuɗin korona: Waɗanda suka dace da tallafi aka ɗora wa bashi

Kwanakin baya wani tela a unguwarmu da ke Kano ya tare ni da waya a hannu, ransa a ɓace. Wani ya tura masa kuɗin ɗinkin kayan biki, kafin ya isa wurin mai POS sai ga saƙo an cire fiye da rabi. Da ya bincika, aka ce masa bashin korona da ya karɓa ne aka fara zara. "Malam, ni fa ce mini aka yi tallafin gwamnati ne," in ji shi. Yaron da ya cike masa fom a shagon intanet, ya kuma yanki kasonsa, shi ya rantse masa cewa ba mai tambayarsa ko kwabo.

Ba shi kaɗai ba ne. A kasuwanni da majalisu ana ta jin irin wannan koke. Shi ya sa ya kamata mu waiwayi yadda aka agaza wa masu ƙananan sana'o'i a lokacin annobar, domin ba mu da tabbacin cewa ita ce ta ƙarshe.

A watan Maris na 2020 Babban Bankin Najeriya ya ware Naira biliyan 50 don rage raɗaɗin annobar, ta hannun bankin NIRSAL Microfinance. Magidanci na iya neman har Naira miliyan 3, ƙaramin kamfani kuma har miliyan 25, da kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 da farko, wanda aka tsara zai koma kashi 9. Wannan rance ne, haka yake a rubuce. A ƙarshen watan Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗaga wa masu bashin TraderMoni da MarketMoni da FarmerMoni ƙafa na wata uku.

Sai a watan Satumba aka buɗe shirin Survival Fund na Naira biliyan 75, a ƙarƙashin tsarin farfaɗo da tattalin arziki da Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya jagoranta. Nan ne kyautar take: taimakon albashin ma'aikata na Naira 30,000 zuwa 50,000 har wata uku, Naira 30,000 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu da direbobi, da rajistar sunan kasuwanci 250,000 kyauta a hukumar CAC. A watan Disamba kuma Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 750 na shirin NG-CARES da ke bi ta jihohi.

A takarda tsarin ya yi kyau. Amma ƙofar bashi aka fara buɗewa, ta kyauta ta biyo baya da wata shida. A Kano an shiga kulle a tsakiyar Afrilu, ana saura kwanaki a ɗauki azumi, lokacin da tela da ɗan Kantin Kwari ke haɗa cinikin da zai riƙe su rabin shekara. Wanda ya fito daga wannan kulle ya fito ne da bashin mai shago, da kuɗin haya, da jarin da aka cinye a tukunya. Da kuɗin korona suka shigo hannun telan nan, waɗannan ramuka ya cike. Bai sayi sabon keke ba, bai saro yadi ba. Rance yana amfani ne ga sana'ar da ke juyawa, riba ta biya shi. Shagon da doka ta rufe ba ya juya komai, kuma kuɗin da aka ci ba sa haihuwa.

Ita ma kyautar, wa ta isa? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da SMEDAN suka yi a 2017 ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i sama da miliyan 41 a Najeriya, kuma fiye da kashi 99 cikin 100 ƙananan can ƙasa ne. Su ne mai shayi, mai ƙosai, ɗan tireda, da matar auren da ke yin taliya ko man gyaɗa a cikin gida. Taimakon albashi kuwa yana buƙatar rajistar CAC da lambar BVN da ma'aikata masu asusun banki, kuma a intanet ake nema. Mai ƙosai ba ta da ko ɗaya. Gurbin da hukuma ta bari shi dillalai suka cike, suna karɓar BVN ɗin mutane, suna yanke kaso, suna kiran bashi da sunan rabon arzikin ƙasa. Ga kuma waɗanda suka ƙi kusantar shirin saboda kuɗin ruwa, tunda sai daga baya aka buɗe ɓangaren da babu ruwa.

Na san abin da za a ce. Farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas a 2020, gwamnati ba ta da kuɗin raba wa kowa, kuma kuɗin kyauta a ƙasar nan ya fi saurin ɓacewa a hanya. Akwai gaskiya a ciki. Akwai kuma waɗanda suka san sarai bashi ne, suka karɓi miliyoyi suka ƙara aure ko suka sayi mota. Waɗannan su biya, domin dukiyar al'umma ce. Tun watan Agusta na 2020 akwai ƙa'idar GSI ta Babban Banki, wadda ta ba mai bin bashi damar cire kuɗinsa daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗin wanda ya ƙi biya, kuma mai karɓar rance ya sa hannu a kan haka, ko ya karanta ko bai karanta ba. Amma adalci ba ya auna mai shago ɗaya da mai kamfani da mudu ɗaya.

Abin da nake gani shi ne a ware masu ƙaramin bashi, a sake tsara musu biya kaɗan-kaɗan a wata, a sanar da su kafin a taɓa asusu, kuma a bar musu abin juyawa. Don gaba kuma, tsarin ya zama a fili: wanda doka ta rufe wa ƙaramar sana'a a ba shi tallafi ko da kaɗan ne, da wuri, rance a bar wa wanda ke da littafin ciniki da ƙarfin biya. Ba a fafa gora ranar tafiya. Tun yanzu jihohi su haɗa kai da shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin teloli da direbobi da na mata a tattara sunayen masu sana'a, a kuma riƙa bayani a rediyo da harshen da mutane ke ji.

Mu ma da namu. Kafin ka sa hannu, ka tambaya: kyauta ce ko bashi? Nawa ne ruwan? Yaushe za a fara biya? Kada ka miƙa BVN ɗinka ga wanda ba ma'aikacin banki ba. Cin bashi da daɗi, ranar biya ce ke da wuya.

Shi dai telan unguwarmu ya yanke nasa hukuncin. Yanzu duk wanda ya kawo ɗinki sai ya ce masa kuɗi hannu, ba ya karɓar tiransifa. Shekara da shekaru ana roƙon irinsa su shiga banki, ga shi bashin korona ya mayar da shi ajiya a aljihu. Ranar da wata annoba ta zo aka ce a tura tallafi ta asusu, ba za a same shi ba.