Wasan Labari Mai Hoto: Ya Dace Da Kai?

 Yau za mu duba wani nau'in wasan kwamfuta da waya da ake kira bijuwal nobel, wato wasan labari mai hoto. A Japan ya fi ƙarfi, daga can ya bazu duniya.

Kafin ka ƙona data ko ka taɓa kuɗin makaranta, ka san cewa wannan wasa karatu ne. Hoton mutum zai fito a allo, rubutu a ƙasansa, kiɗa na tashi a hankali, kai kuma kana dannawa kana karantawa. Can sai a ba ka zaɓi, abin da ka zaɓa shi zai juya akalar labarin zuwa ƙarshe mai daɗi ko mai ɗaci. Babu tsere, babu harbi, babu zura ƙwallo. Wanda ya saba da PUBG, da wuya bai yi hamma ba tun a minti goman farko.

To yaya za ka gane ko naka ne? Idan kana cikin masu raba dare da littafin Hausa a waya, ba ka ajiye shi sai ka ga ƙarshen jarumar, ka ci rabin jarrabawar. Saura haƙuri. Steins;Gate, wanda ya fito a 2009, labarin wasu matasa ne a unguwar Akihabara ta birnin Tokyo da suka gano hanyar aika saƙon waya zuwa kwanakin baya. Farkonsa tafiyar hawainiya yake, sai ka yi nisa zai kama ka. Mai son aiki da ƙwaƙwalwa kuwa ya fara da Ace Attorney na kamfanin Capcom, da ya fito a 2001. A nan kai ne lauya, kana bin bayanin shaida layi-layi har ka kama inda ya yi ƙarya.

Sai batun harshe. Yawancinsu da Japananci aka rubuta su, aka fassara wasu zuwa Turanci. Idan Turancinka bai nuna ba, ƙamus zai zama abokin tafiya, kuma riba ce ga ɗalibi.

Jan kunnenmu shi ne, kada zane mai kyau ya ruɗe ka. Doki Doki Literature Club na 2017 kyauta ne a kwamfuta, ka ga kamar labarin ƙungiyar adabi ne a makaranta, alhali a ciki akwai kisan kai da abubuwan tayar da hankali. Masu shi ma sun rubuta gargaɗi tun a farko cewa ba na yara ba ne. Wasu kuma na manya ne zalla. A duba alamar shekaru kafin a sauke, a kuma nuna wa iyaye ko yayye.

Shawararmu, gwada gajere ko samfurin kyauta na awa ɗaya a lokacin hutu, ba makon jarrabawa ba. Idan ka ji kana ɗokin sanin abin da zai biyo baya, ka samu abin yi. Idan kuwa kana ta danna allo don rubutun ya wuce, bar shi, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.